Maimaita In Ji

Ƙannena maza da mata, da yawanku kuna tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka wayi gari a Zamfara waya ta zama dutse a aljihu. Gwamnati ta sa an rufe layukan sadarwa na jihar gaba ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Gusau ta samu sabis bayan kamar wata guda, mu mutanen Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi kuwa sai da muka sha jira har wajen ƙarshen shekara. Tasha ta koma gidan waya. Wanda ya iya rubutu ya yagi takarda daga littafin ɗansa, wanda bai iya ba ya ba direba saƙon baka.

A cikin waɗannan kwanakin ne Inna ta kwanta asibiti a nan Ƙaura, zazzaɓi ya kayar da ita kwana biyar. Ƙanenta, Kawu, yana Shinkafi, kuma labarin kwanciyar ya riga ya kai masa. Ranar da aka sallame ta na yi sammako zuwa tasha, na tarar da wani direba da na sani yana ta ja-in-ja da yaron motarsa a kan lodi. Ban zauna ba. Daga tsaye na ce masa, "Don Allah ka gaya wa Kawu jikin Inna da sauƙi, an sallame ta, mun dawo gida." Ya ce in sha Allahu, idonsa na kan buhun da ake ɗaurewa. Na juya ina ganin na sauke nauyi.

Washegari da la'asar sai ga sallamar Kawu a ƙofar gida, shi da matarsa, ido jawur, ƙura har gira. Sun biyo hanyar da a lokacin ba mai binta sai da dole, sun biya kuɗin mota mai tsada saboda ƙarancin fetur. Ya shigo tsakar gida yana salati, sai ya ga Inna zaune a kan tabarma da faifai a cinya tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta ce, "Auta, lahiya? Mi yak kawo ka bisa wagga hanya?" Kawu ya tsaya baki buɗe, sa'an nan ya juyo ya dube ni.

Daga baya na bi sawun saƙon. Direba bai samu Kawu a shago ba, sai ya bar wa tela maƙwabcinsa. Tela mutum ne mai tausayi, da ya zo faɗa sai ya sassauta murya, ya sunkuyar da kai, ya ƙara da cewa sai dai a ci gaba da addu'a. Kalmomina ba su canza ba, ko ɗaya ba ta faɗi a hanya ba. Amma ku kun san mu. Bahaushe yana cewa "da sauƙi" ko da majinyaci na kan gargara. In kuma aka ce an sallami tsohuwa daga asibiti an kawo ta gida, a kunnen dattijo hakan na iya nufin likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, an ce a je a jira ikon Allah. Da dare, bayan an ci tuwo hankali ya kwanta, Kawu ya ce mini, "Kai yaro, da ka ce tana cin tuwo, da ban taso ba. In za ka aiko, aiko abin da idonka ya gani."

Na yi shekaru ina koyarwa, ina ganin kaina cikin masu iya magana. Ranar nan na gane cewa abin da na yi nufi yana cikin ƙirjina, ba wanda ya gan shi. Abin da ya isa kunnen Kawu shi ne saƙona, kuma alhakin isarsa daidai yana wuyana.

Masu ilimin sadarwa sun daɗe da zana wannan a allo. A 1948 wani injiniya na kamfanin Bell a Amurka, Claude Shannon, ya tsara yadda saƙo ke tafiya: akwai mai aikawa, akwai saƙon, akwai hanyar da zai bi, akwai mai karɓa, sa'an nan akwai hayaniyar da ke shiga tsakani ta gurɓata shi. Shi damuwarsa igiyar tarho ce da ƙarar da ke cikinta. Waɗanda suka zo bayansa suka ɗauki zanen suka ɗora a kan mutane, suka ƙara abu guda da ya rage, wato martani, abin da ke dawowa daga mai ji har ka tabbatar ya gane. In kun shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, ko wata makarantar gaba da sakandare, za ku haɗu da zanen nan, ku haddace shi don jarrabawa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, hayaniya a wurinmu ba ta tsaya ga ƙarar janareto da hon ɗin mota ba. Yunwa hayaniya ce. Fushi hayaniya ne. Mafi ƙarfinsu a ƙasarmu yanzu tsoro ne, don mai jin tsoro kowace kalma ya ji, mafi munin ma'anarta yake ɗauka.

Maganin kuwa iyayenmu mata sun riga Shannon saninsa. Wa ya manta yadda ake aiken yaro? "Daddawa, gishiri, barkono, in ba barkono ka dawo da canji. To, maimaita in ji." Sai ka maimaita, in ka tsallake gishiri a ja kunnenka. Muna ganin abin wulaƙanci ne, alhali shi ne abin da matuƙan jirgin sama ke yi har yau: duk umarnin da hasumiyar filin jirgi ta ba su, sai sun maimaita shi da bakinsu kafin su aikata, don rayukan mutane na rataye a kan lamba guda. Da na tsaya minti ɗaya a tasha na ce wa direba ya faɗa mini yadda zai gaya wa Kawu, da na ji gurbin da na bari. Ba za ka ce wa babba "maimaita in ji" ba, wannan rashin kunya ne. Amma kana iya juya abin kanka: "Baba, bari in faɗi yadda na fahimta, in na yi kuskure a gyara mini." Ban taɓa ganin dattijon da ya ji haushin wannan ba.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan gaisuwa, don na lura nan ne kuka fi gajiya da mu.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare. Gyaɗa da auduga suka riƙa fita, baƙi suka riƙa shigowa, Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauransu. Kakanninmu sun yi ciniki da mutanen da ba su jin harshensu sosai, har aka ba juna bashi. Abin da baƙo ya fara koya kafin ƙirga kuɗi shi ne ina kwana da ina gajiya, don ya gane nan ƙofar take. Je ka kara a kasuwar Shinkafi ka tsaya kusa da tsohon dillali. Mai saye ya zo ba zai fara da tambayar kuɗin sa ba. Za a yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya muka ji da jama'a. Kai kana ganin ɓata lokaci ake. Dillali kuwa aiki yake. A cikin minti biyun nan ya ji harshen mutumin, ya san ko Bagobiri ne daga Isa ko Sabon Birni, ko Bakatsine ne, ko daga Maraɗi ya ƙetaro. Ya san ko sauri yake, ya san ko da gaske ya zo ko taya kawai zai yi. Shi ma mai sayen yana auna dillalin. Kafin a ambaci naira, an riga an gama rabin ciniki.

A 'yan shekarun nan wata tambaya ta ƙara nauyi a gaisuwarmu: "Yaya hanya?" Amsar kullum alhamdu lillahi ce. Amma mai kunne yana bambance alhamdu lillahin wanda ya zo lafiya da ta wanda ya kwanta a cikin gero awa biyu.

Kowace magana kaya biyu take ɗauke da su. Akwai labarin da ke cikinta, akwai kuma matsayin da ta ba wanda ake yi wa ita. In ka ce wa mahaifinka "ba ni makulli", labarin daidai ne, makulli kake so, amma kayan na biyu sun ce kai da shi tsara ne, kuma wannan na biyun shi zai kwana da shi. Wani tsohon ɗalibina ya taɓa turo mini saƙo da dare: "Slm ina bukatar takardar sheda gobe." Babu suna, babu Malam, babu yaya gida. Na rubuta masa takardar, don yaron kirki ne na san shi. Amma na rubuta gaskiya tsagwaronta ba tare da ɗan ƙarin zumar nan da malami ke zubawa in zuciyarsa ta yi daɗi ba. Bai taɓa sanin abin da layi biyu na gaisuwa suka hana shi ba. Allah gafarta Malam, ranka ya daɗe, Yaya, Goggo, Baffa, Hajiya, waɗannan ba kwalliya ba ce, da su ake gaya wa mutum inda aka ajiye shi. Kuma abin ba ga manya kaɗai ba ne. Yarinyar da ke kawo maka ruwa a gidan abinci, almajirin da ke maka wanki, su ma suna jin inda ka ajiye su.

Af, tunda maganar harshe ta zo: in kun je Kano ko Kaduna aka yi muku dariyar "mi" da "munka" da "wanga", kada ku ji kunya ku fara murɗe baki. Da wannan Hausar Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙin da ake nazari a jami'o'i har gobe. Ku dai san wurin kowace. Takardar neman aiki tana son daidaitacciyar Hausa ko Turanci mai tsabta, zauren gidanku yana son harshen gidanku.

Magana ita ake koya wa yaro, saurare kuwa ba mai koyar da shi, shi ya sa ya yi ƙaranci. Lokacin da nake aiki a ƙasar Zurmi na zauna a zauren wani mai unguwa ranar da aka kawo ƙarar indararo. Mutum biyu maƙwabta, ɗaya ya ce ruwan rufin ɗayan yana zuba a gindin katangarsa yana cin ta. Mai ƙara ya yi ta bayani da zafi. Tsohon bai katse shi ba, carbi kawai yake ja yana cewa "ina jin ka". Da ya yi shiru sai ya tambaye shi, "Ka ƙare?" Ya ce ya ƙare. "Babu saura?" Sai mutumin ya ƙaro maganar akuyar da ta ci masa dawa bara. Aka sake yin shiru. Ni har na fara gyara zama, ina ganin ya kamata a ba ɗayan dama. Tsohon ya sake cewa, "Babu saura?" Mai ƙara ya dubi ƙasa, muryarsa ta sauka, ya ce, "Ranka ya daɗe, da uwata ta rasu, kwana bakwai ana zaman makoki, wanga mutum bai taka ƙofata ba."

Ashe indararo hula ce aka ɗora wa maganar. Da an yanke hukunci a kan indararo, da an karkata shi an tashi, bayan wata biyu a dawo da ƙarar kaza. Maƙwabcin ya rantse a lokacin yana jinyar ɗansa a Gusau, kuma da ya dawo kunya ta hana shi zuwa don ya makara. Aka yi ta'aziyyar da ta yi shekara tana jira, a nan zauren. Indararon ma ban ji an sake ambatonsa ba.

Abin da tsohon nan ya yi ba sihiri ba ne. Bai shirya amsa ba alhali ana magana. Bai ji tsoron shiru ba. Yawancinmu in ana mana magana layi muke bi, muna jiran mutum ya ja numfashi mu cusa tamu. Ku kuma an ƙara muku wata jarrabawar, wato wayar da ke hannu. In ƙanwarka ta zo tana ba ka labari kana latsa waya kana cewa "ina ji", ta san ba ka ji. Sau biyu, sau uku, za ta daina zuwa. Ranar da abin da za ta faɗa ya zama babba, wani ne a waje zai ji shi kafin kai. Kifa wayar a ƙasa, abin da bai fi ƙiftawar ido ba, yana gaya wa mutum abin da dogon jawabi ba zai gaya masa ba.

Jiki ma yana magana, kowa ya san wannan, labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai ku yi hattara da wata ƙididdiga da masu taron bita ke yawo da ita, wai kalmomi kashi 7 ne kacal na sadarwa, murya 38, fuska 55. Lambobin sun fito ne daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967, kuma shi a kan abu ƙarami ya yi su: yadda ake gane so ko ƙi in kalma guda ta saɓa da murya da fuska. In da haka duk magana take, da iyayenmu ba su fahimci komai ba daga rediyon da suke kwana da ita a kunne. Abin da ya fi amfani ku sani shi ne ma'anar motsi tana canzawa da wuri. An tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban babba, kuma daidai ne a zauren mahaifinka. Amma a shingen jami'an tsaro, gaban sojan da ya zo daga wata nahiyar ƙasar nan, saurayin da ke kallon ƙasa yana amsawa ciki-ciki kama yake da mai ɓoye wani abu. A nan ɗaga kai, cire abin kunne, bari a ga hannuwanka, faɗi sunanka da inda ka fito da inda za ka a fili. Haka wurin ganawar neman aiki. Ladabi ɗaya ne, tufafinsa ne ke sauyawa.

Sa'an nan ga kunya da kara, waɗanda nake ƙauna kuma nake tsoro. Baturen nan Kirk-Greene, da ya yi nazarin wanda Hausawa ke kira mutumin kirki a 1974, ya lissafa kunya tare da gaskiya da amana da haƙuri. Wani masani Ba'amurke, Edward Hall, ya raba al'ummu gida biyu: masu zuba komai a cikin kalma, da masu barin rabin magana a cikin yanayi da dangantaka. Mu muna can ƙarshen gida na biyu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba a ce wa babba a'a. Kalmar "to" kaɗai tana da 'ya'ya da yawa: akwai ta yarda, akwai mai ja wadda ke nufin ban gamsu ba, akwai "to, to, to" ta ka isa haka, akwai "to, shi ke nan" wadda ke nufin ba shi ke nan ba. "Sai na duba" yawanci a'a ce da ta sa babbar riga. "Ba komai" kuwa, sau da yawa akwai komai. Wannan lulluɓi yana tsare mutunci, yana ba mutum ƙofar fita ba tare da an kunyata shi ba, kuma ba na fatan ku yar da shi ku zama masu gatsali.

Amma akwai wuraren da lulluɓi ke kashe mutum, kuma ni na ƙirga uku: kuɗi, magani, hanya. In aboki ya ce ka ranta masa, ku faɗi nawa ne, ku faɗi ranar biya, ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka ba wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne. Zumuncin da "in Allah ya hore" ta kashe ya fi wanda takarda ta kashe yawa. In kin je gaban likita, ƙanwata, "jikina ne ba daɗi" ba bayani ba ne. Faɗi wurin, faɗi tun yaushe, faɗi abin da kika sha, har na gargajiya. In kunyar namiji kike ji, nemi ma'aikaciya mace, amma kada ki koma gida da ciwon da kika zo da shi a rufe. In kuma an tambaye ka hanyar Zurmi zuwa Gurbin Baure, ko ta Ƙaura zuwa Shinkafi, kada ka ce lafiya lau don kawai haka ake cewa. Ka ce na wuce da ƙarfe goma, na ga motoci na tahowa daga can, ko ban haɗu da mota ko ɗaya ba. Bar mai tambaya ya yi lissafinsa.

Zan ƙara na huɗu don 'yan mata. In an zo da maganar aure aka tambaye ki kika yi shiru, za a ɗauka kin yarda, haka aka saba. In ba haka ba ne a ranki, kina da goggo, kina da inna, kina da yaya. Al'adar da ta hana ki faɗa wa Baba ido da ido ita ce ta tanadar miki waɗannan ƙofofin. Ki bi su tun kafin a raba goro.

Habaici ba zan daɗe a kansa ba. Makaɗan fada sun yi zambo da habaici da gwaninta, kuma kowa a fada ya san wa ake nufi da iyakar wasan. Haka barkwancin Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, yana da ƙa'ida da tarihi. Abin da kuke ɗorawa a WhatsApp da Facebook, "wasu mutane dai Allah ya isa", ba shi da ko ɗaya. Wanda kika nufa wataƙila bai gani ba, mutum goma da ba ki nufa ba kowa ya ɗauka da shi kike. In abu ya ɓata maka rai, kada ka rubuta amsa da zafinsa, don rubutu ba shi da murya, mai karantawa shi ke sa masa muryar da ya ga dama. Kira. In abin ya fi ƙarfin kira, taka ka je. In ya fi ƙarfinka, nemi dattijo ya shiga tsakani.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne "an ce". A garin da ake zaman lafiya jita-jita tana ɓata suna. A namu tana iya sa a binne mutum. Saƙon murya ya shigo, wani da ba ka sani ba yana haki yana cewa ga su nan sun taso, ka tura wa rukuni biyar kafin ka gama saurare. Kasuwa ta watse, mata na gudu da goyo, tsoho ya faɗi ya karye, daga baya a gano saƙon na bara ne, daga wata jiha. Mafi muni, sai ranar da gargaɗin gaskiya ya zo a ƙi motsawa, don an gaji. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincika labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Binciken bai da wuya: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe? In ba amsa, saƙon ya mutu a wayarka. In kai ne ka gani, faɗi wuri da lokaci da abin da ka gani, ka kai wa waɗanda za su iya yin wani abu.

Kalmar "infoma" kuwa, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ku ɗauke ta kamar bindiga mai harsashi. Kada ta fita bakinka a majalisa, ko da wasa, ko don wani ya yi sabon babur ba ka san inda ya samu kuɗi ba. In kana da hujja, akwai hukuma da masu gari. Sa'an nan ka tsare bakinka ta ɗaya gefen: wane ya sayar da shanu, wance ɗanta ya turo kuɗi daga Legas, Alhaji zai tafi Gusau gobe da asuba. Hira ce a wurinka, a wurin wani kunnen kuwa adireshi ne. Baki shi ke yanka wuya, kuma ba kullum wuyan mai shi ba.

Haka nan jam'u. "Fulani sun yi kaza", "Hausawa sun yi kaza". Garin da nake rubutu a cikinsa sunan Bafulatani yake ɗauke da shi, Muhammadu Namoda na Alibawa, ɗaya daga cikin jagororin da suka ci Alkalawa a 1808. Gidan sarautar Zurmi ma daga wannan zuriyar yake. Jini ya gauraya tun kafin a haifi kakanninku. Wanda ya yi ta'asa yana da suna, yana da daba. In ka kira shi da sunan ƙabila, ka ɓoye shi a cikin dubban marasa laifi, ka kuma gaya wa abokin karatunka da ke zaune kusa da kai cewa shi ma a can ka ajiye shi.

Kawu ya kwana uku a wurinmu kafin a samu motar da hankali ya kwanta da ita. Bai sake tayar da maganar ba, Inna ce dai ta riƙa tsokanarsa tana cewa ya zo cin gumba ya tarar da mai gumbar na tsince wake. Ranar da sabis ya dawo Ƙaura, wayoyi suka riƙa ƙara a unguwa kamar kaji da asuba, shi na fara kira. Muka yi ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya hanya. Sa'an nan na ce, "Kawu, Inna na nan gabana, ta ci tuwon dawa da miyar kuka, yanzu tana yi wa jikokinta faɗa a kan sun bar ƙofa buɗe."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Na ji. Ba ni ita dai in ji muryarta."